Zuwaira Mai Jeli

A Kurmin Mashi ba kowa ya san sunanta Zuwaira ba, Mai Jeli ake ce mata. Shekara ashirin da bakwai tana haɗa man shafawa a tsakar gidanta. Takan narka basilin da man kaɗanya a tukunya, ta ɗiga turare, ta ɗura a ƙananan robobi, masu shaguna a Kawo su aiko a ɗauka. A iya saninta, jeli sunan wannan man ne kawai, kuma Hausa ce tsantsa.

Mijinta, Malam Rabe, tsohon akawu ne mai son duba ƙamus. Shekara uku da suka wuce aka yi masa aiki a maƙogwaro. Ranar da za a sallame su likita ta ce mata, "Hajiya, ban da tuwo, ban da yaji. Abu mai laushi za ki ba shi, kamar kunu ko jeli."

Da suka isa gida, Zuwaira ta dubi mijinta.

"Malam, anya likitar nan ta san aikinta? Man shafawa zan ba ka ka sha?"

Dariya ta kama shi, ya dafe wuya saboda zafi. Da ya samu numfashi ya ce da dusasshiyar murya, "Kalmar Turanci ce, su ma daga Faransanci suka aro ta. Asalinta dai abin da ya daskare ne. Naki na fata ne, akwai kuma na ci. Da can da romon ƙashi suke yin sa."

Ta ce, "Wato irin romon ƙafar saniya in ya huce?"

Ya gyaɗa kai.

Washegari da sassafe ta tafi wajen mahauta ta sayo ƙafa biyu. Tun hantsi take dafawa har la'asar, gishiri kaɗan, ba barkono. Ta tace sau biyu, ta kai firjin maƙwabciyarta. Da aka dawo da kwanon, romon ya kama jikinsa, yana rawa in an taɓa. Ta zauna bakin gado ta ba shi da ƙaramin cokali. Kwana tara ke nan ko kunu da ƙyar yake wuce masa, amma ya sha cokali shida ya nemi ƙari. Ta fita kicin ta share hawaye, sannan ta ƙaro masa.

Malam Rabe ya warke, har ya aurar da autarsu Aziza kafin Allah ya yi masa rasuwa bara. Tun daga jinyarsa, duk gidan da aka kwanta ciwo a layinsu, Zuwaira kan aika kwanon romo. A makon jiya tsohuwar gidan Alhassan direba ta kai wa, ta zauna har sai da ta ga ta shanye.