Kujera mai rami da askar ungozoma

Tun haihuwarta ta ƙarshe, fitsari bai ƙara fita wa yayata gaba ɗaya ba. Sai ta tsuguna, ya ɗan ɗiga, marar tana nan tam. Da zaman Randagi ya gagara, ta dawo wurina a Birnin Gwari, gidan haya mai bayi ɗaya.

A asibiti an duba ta, aka ce ƙodarta lafiya, za a iya gwadawa ba tare da robar fitsari ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta koya mata yadda za ta yi. Ta daina tsuguno, ta zauna a kan kujera mai rami, ta sunkuya, kada ta yi yunƙuri. In ya tsaya ta miƙe, ta jira, ta sake zama. Kafin kowace salla ta shiga bayi, ko ba ta ji fitsari ba. In zazzaɓi ya zo, ko fitsarin ya ƙi fita sam, ta komo da gudu.

Kafinta ya huda mana kujera. Abin ya yi aiki, sai dai yana cin lokaci. Maƙwabta suka fara buga ƙyaure.

"Baiwar Allah, kwana za ki yi a ciki?"

Maganar ta kai kunnen gwaggonmu. Ran nan sai ga ta da wata tsohuwar ungozoma.

"Gishiri ne ya toshe hanya," in ji Gwaggo. "A yanke shi, ta huta, mu ma mu huta da surutu."

Tsohuwar ta kwance tsumma. Har yau ina ganin askar: baƙin jini ya bushe a gindinta, tsumman yana ƙarni. Ta tofa mata yawu, ta goge da bakin zane. Na san wata a Tabanni da aka yi wa wannan yankan. Yanzu fitsarinta ba ya tsayawa, a kan buhu take zama.

"Gwaggo, likita bai ce..."

"Rufe mini baki, 'yar boko. Mu da aka yi wa, mutuwa muka yi?"

Yaya ta ɗauki kujerarta da buta.

"Bari in kewaya tukuna, Gwaggo."

Ta shiga, ta sa sakata. Gwaggo ta buga, ta yi zagi, maƙwabta suka taya ta. Tsohuwar ta cinye goronta, ta gaji, ta naɗe askarta ta tafi.

Sai da aka kira la'asar Yaya ta fito, mararta a saɓe. Ni kuwa ina can ina wanke tabarmar da aka ajiye tsumman a kai.