Likitar da ta koya mini ɗaga wayar mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da korona ta kulle mu a Doha ba shiga ba fita, mahaifina ya rasu a Kano. Ina zaune a falonmu a unguwar Al Thumama da hantsi waya ta yi ƙara, na ga lambar mahaifiyata, na ɗaga, ta faɗa mini. Babu jirgi. Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki aka tashi, ni kuwa ina nan da kwamfuta a cinya ina aikin ofis. Abokai suna ta kira suna ya haƙuri, ina cewa da godiya. Na ɗauka shi ke nan.

Ashe da sauran rina a kaba. Tun daga ranar, da na ga lambar Hajiya, mahaifiyar tawa, sai ƙirjina ya ɗaure, tafin hannuna ya jiƙe. Ƙaton injiniya da gemunsa, sai in miƙa wa matata wayar in ce ta ce ina wanka. Da aka buɗe hanya ma ban je gida ba, na fake da aikin shirin gasar cin kofin duniya da za a yi a nan. Har wata rana ƙanwata ta turo saƙo cewa Hajiya ta ce a gaya mini ta daina kira, kada ta riƙa takura mini. Wallahi na ji tsoro, don na san in Hajiya ta ce ta daina, to ta daina.

Matata ce ta tura ni wajen likitar damuwa, irin waɗanda ba sa yin allura, sai dai ku zauna ku yi ta magana. Wata dattijuwa ce 'yar Sri Lanka. Tun farko ta gaya mini ita mabiyar addinin Buddha ce, kuma tana haɗa abin da ta karanta a jami'a da wani zaman shiru na wajensu, inda mutum zai zauna ya lura da numfashinsa. In ba na so, a bar shi. Na ce zan yi shawara.

Na kai maganar wajen abokina, wani malamin jami'a a Al Wakrah da ya fi ni karatun addini nesa ba kusa ba. Ya tambaye ni ko ta ce in rusuna wa gunki, na ce a'a. Ko ta ba ni wasu kalmomi in riƙa maimaitawa, na ce a'a, numfashi kawai. Ya yi dariya ya ce, "To numfashin nata ne ko naka? Allah ne ya ara maka. Je ka kalli abinka, in ta zo da wani abu daban ka dawo."

Gaskiya son jin ƙwaƙwaf ne ya mayar da ni fiye da neman magani. So nake in ga yadda zama haka kawai zai warkar da mutum. A zaman farko, ina rufe ido na tsinci leɓena yana istigfari da kansa. Na ba ta haƙuri, ta ce in bar shi ya yi abinsa, in lura da shi ma. Inda muka sha fama shi ne, duk ta tambaye ni yaya nake ji sai in ce lafiya lau, alhamdulillahi. Ta ce ba ta hana ni godiya ba, amma ita jikina take tambaya, ina ne ya ɗaure? A koyarwarsu, in ji ta, kibiya biyu ke samun mutum. Ta farko duniya ce ke harbowa, ta biyu kuwa shi ke soka wa kansa wajen gudun zafin ta farko.

Wata rana ta sa na ajiye waya a gabana, lambar Hajiya a buɗe, ta ce in zauna da duk abin da ya taso, kada in kore shi. Ƙirji ya ɗaure, na bi numfashi, ya ƙara ɗaurewa. Can sai na gane abin. Ni ɗan fari ne, tun da aka haife ni Hajiya ba ta taɓa kiran sunana ba, daga "wannan" sai "kai". Amma ranar rasuwar mahaifina da na ɗaga waya, sunana ta fara kira. Shi nake tsoron in sake ji. Na yi kuka sosai a gaban matar nan, sannan na share hanci na shiga yi mata bayanin kunyar ɗan fari. Ita ma ta gyara zama tana ta jero mini tambayoyi, ashe ba ni kaɗai ke mamakin al'adar wasu ba.

Ana tsakiyar gasar, wata rana da ake wasa a filin unguwarmu, titi ya cika da tutoci da ganguna, na rufe taga bayan la'asar na danna lambarta. Ta ɗaga, na yi sallama, na gaishe ta. Sai na ji tana ce wa ƙanwata, "Zo ki ji, wannan ne ya tuna yana da uwa." Sannan ta dawo kaina: "Kai, kana cin abinci kuwa? Muryarka kamar ta mai yunwa."

Ana gama gasar na hau jirgi na je gida.

Ban canza addini ba, ko da yake abokin nan nawa har yau yana tsokanata wai yaushe zan aske kai in yafa jan mayafi irin na malaman Buddha. Nakan dai zauna bayan sallar asuba in bi numfashina. Na fahimci da can abin da nake kira haƙuri gudu ne kawai. Har yanzu in wayar Hajiya ta shigo gabana yakan ɗan faɗi. Sai in ja numfashi, in ɗaga, in kasa kunne ga kalmar farko. In na ji "kai", na san kowa lafiya a gida.