Farin Yadin Kakarmu

Jiya a kasuwar Karaye na ga wata yarinya hannuwanta sun yi shuɗi da rini, sai kakarmu ta faɗo mini a rai.

Wata shekara, mu 'yan matan gidanmu a Rogo Ruma muka nace sai mun yi sari irin na matan Indiya don wasan makaranta. Ba wanda ya kula mu sai ita. Ta buɗe adakarta, ta ɗauko farin yadi mai ƙanshin kafur, ta yayyanka mana. A gindin darbejiya ta raba dankali biyu ta sassaƙa fure a jikinsa, mu kuma muna tsoma shi a shuni muna dangwala wa yadin. In layi ya karkace, takan ce, "Bar shi haka, hannunki ne."

Muna cikin yi Baba ya shigo, ya tsaya cak.

"Iya, wannan ai likkafanin da kika ajiye ne!"

Ba ta ko ɗago kai ba. "Na sani. Ka sayo wani, yaran nan sun riga ni bukata."

Baba ya sayo wani, sabon likkafanin kuma ya daɗe a adakar kafin ranarsa ta zo.

Allah Ya jiƙanta, Ya suturta ta da tufafin Aljanna.