Takalman Baƙon Ya'u

Ya'u mai babur ne a bakin kasuwar Daura, gajeren mutum mai ƙananan ƙafafu, wanda furfura ta fara taɓa gemunsa. Mahaifinsa ɗan cikin gari ne, mahaifiyarsa kuwa ta fito daga wani ƙauye da ke bayan Kongolam, cikin ƙasar Nijar. Tun yana yaro yake ratsa gonaki zuwa wurin dangin uwarsa, bai kuma taɓa ɗaukar wannan tafiya a matsayin barin wata ƙasa zuwa wata ba. A wurinsa zuwa gidan Inna Laraba ne kawai, ƙanwar mahaifiyarsa.

A daminar da aka rufe iyakar ƙasashen biyu, wani likita mai suna Misbahu ya yi baƙo daga Amurka, abokinsa tun yana karatu a can. Baƙar fata ne dogo, tsohon ma'aikacin gidan waya, sunansa Rejinal, mutanen unguwa suka mayar da shi Raji. Likita ya ɗinka masa kaftani da hula, ya adana fasfonsa a gida, ya damƙa baƙon ga Ya'u.

"Amana ce," in ji likita. "Ka zaga da shi gari, ka dawo mini da shi kafin magariba."

Raji ya ji daɗin Daura. Da safe yakan zauna a bencin mai shayi, yana mamakin yadda gaisuwa ɗaya take bi ta kan iyali da gajiya da ruwan sama kafin a zo ga magana. Ya koyi cin tuwo da hannun dama, ya koyi cewa "Lafiya lau" da "Da godiya". Maƙwabta suka riƙa aiko masa da kwanukan abinci har ya rasa inda zai ajiye su. Abu ɗaya ya ƙi rabuwa da shi: manyan takalmansa farare masu igiya, saboda ciwon gwiwa.

Wata Alhamis suna kan hanyar Mai'aduwa aka kira Ya'u a waya: mijin Inna Laraba ya rasu, har an kai shi. Gaisuwar mutuwa ba ta jira, ajiye baƙo a bakin titi kuma abin kunya ne. Ya'u bai yi dogon tunani ba. Ya saki kwalta, ya kutsa cikin gero da baƙonsa a baya.

Sun tarar da maza zaune a kan tabarmi a ƙofar gida. Suka tuɓe takalma, aka yi addu'a, suka zauna. Nan wayar Raji ta yi ƙara. Ya duba, ya miƙa wa Ya'u. Saƙon kamfanin waya ne, yana yi masa maraba da shigowa Nijar.

Ya'u ya sake duba saƙon. Ba'amurke, ba fasfo, ba izini, a irin wannan lokaci! Idan aka kama shi, ba a san ranar fitowarsa ba. Ya yunƙura zai yi sallama, sai ga jandarma biyu, jami'an tsaron Nijar, cikin kaki sun sauka daga mota, su ma sun zo gaisuwa. Tashi a lokacin tona kai ne. Ya danne gwiwar Raji, ya raɗa masa, "Sunkuya."

Babban jandarman ya bi layi yana ba kowa hannu. Ya iso kan Raji.

"Ya haƙuri?"

"Da godiya," in ji Raji, kansa a ƙasa.

Ya wuce. Ya'u ya saki numfashi. Aka shafa fatiha, jandarma suka miƙe, suka nufi bakin tabarma. Nan babban ya tsaya cak. A tsakiyar silifa da takalman roba na manoma ga wasu fararen takalma kamar kwale-kwale biyu.

"Waɗannan na wane ne?"

Tsofaffin ƙauyen duk sun gane baƙo tun zuwansa, amma ba wanda ya ɗaga kai.

"Nawa ne, ranka ya daɗe," in ji Ya'u.

"Naka? To, sa mu gani."

Ya'u ya zura ƙafa, ta ɓace a ciki. Ya taka, takalmin ya zame ya bar shi. Wani tsoho ya yi tari don ya danne dariya. Jandarman bai yi murmushi ba. Ya dubi ƙafafun da ke jere a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya tsaya a kan na Raji, ya daɗe.

"Kai ɗan wane ne a nan?"

"Ɗan yayar matar mamacin ne ni."

Daga cikin gida ana jin kukan mata. Jandarman ya saurara, sannan ya gyara hularsa.

"Ba na ɗaukar mutum daga tabarmar makoki," ya ce a hankali. "Amma zan biyo ta nan bayan la'asar. Takalman nan, da duk ƙafar da ta dace da su, kada in same su a ƙasar nan."

Haka suka koma ta cikin gero, Ya'u yana laluben birki da takalmin da ya fi ƙarfinsa, Raji a baya da silifan Ya'u, rabin diddigensa a waje. Daga ƙarshe suka hau kwalta. Nan Raji ya sauka, ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hularsa.

Likita Misbahu ya ji labarin kafin magariba. Bai yi faɗa ba, amma washegari wani mai babur ne ya zo ɗaukar baƙon. Wannan ya yi wa Ya'u ciwo fiye da zagi. Ranar da Raji zai tafi, shi da kansa ya zo bakin kasuwa, ya ajiye takalman a kan babur ɗin Ya'u, ya ce, "Ya haƙuri?"

Ya'u yana nan yana sana'arsa. Sai dai yanzu, idan ya kai wani gawo da ke ƙarshen gonakin Kongolam, daf da iyaka, yakan ja birki ya tambayi wanda ya ɗauko ko yana da takarda, ko da kuwa tsohuwa ce za ta je suna gidan jikarta.

"Takardar uwar wa?" in ji tsofaffin. "Ja mu je, ɗan nan!"