Sha Biyu da Goma a Dogarawa

Cikin duk shekarun da na yi ina fenti, ranar da ba ta fita raina ba ita ce wata Talata bayan girbi, a shekarata ta huɗu a shagon Alhaji Idi na Birnin Konni. Lokacin ya riga ya ɗora ni kan lissafi, wato ni ke faɗa wa mai aiki yawan fentin da zai saya kafin a haɗa masa kala.

Ga wanda bai san aikin ba, lissafin ba shi da wuya. Za ka auna kewayen ɗaki, ka ninka da tsayin bango, ka cire ƙofa da tagogi. Litir guda yana rufe kamar metir takwas a sabon shafe, don siminti yana shan fenti, kuma shafa biyu ake yi. Doka ɗaya Alhaji yake da ita: fentin da aka haɗa wa kala ba ya komawa shago.

Ranar nan wata dattijuwa ta shigo, Hajiya Ramatu, shugabar ƙungiyar mata manoman albasa a Dogarawa. Ta ce sun gina ɗakin ƙungiya, suna son a shafa shi kore mai haske irin ganyen albasa kafin Juma'a, ranar da za su buɗe shi.

Na ce, "Hajiya, nawa ne girmansa?"

Ta kwance bakin zane ta fito da takarda. "Magini ya ce sha biyu da goma."

"Tsayin bangon fa?"

"Kamar na kowa, ɗana."

Da na ji ɗakin ƙungiya, sai na hango zauren taro cike da mata. Na ɗauki tsayi metir uku, kewaye arba'in da huɗu, na cire ƙofa da tagogi, lissafi ya ba ni litir talatin da ɗoriya. Na haɗa manyan bokitai biyu, litir arba'in, don kada ya yanke mini. Alhaji ya tambaye ni ko na ga ɗakin, na ce ai awo yana rubuce.

Washegari motar ƙauye ta sauke ni da bokitaina a Dogarawa. Hajiya ta ja ni har gaban wani ɗan ɗaki kusa da bishiyar dogon yaro, ta tsaya tana murmushi. Na ce wannan ai ma'aji ne, ina babban? Ta ce shi ke nan, nan za su aje littattafai da iri, taro kuwa gindin itace suke yi tun can.

Aka kira maginin, Malam Buba. A Sakkwato ya koyi gini, kuma da ƙafa yake awo kamar mutanen Najeriya. Ƙafa sha biyu ko metir huɗu ba ta kai ba. Na ja metir ɗina na auna, na ga litir goma ma sai ya yi saura. Na zauna kan bokiti, ina tunanin da wane baki zan faɗa wa Alhaji na haɗa koren da ba mai so.

Hajiya ta dube ni ta ce, "Mi ya same ka?"

Na faɗa mata gaskiya, na ce kuskurena ne, ban tambayi ƙafa ko metir ba. Ta yi dariya har da riƙe ƙofa, sannan ta ce, "Tashi ka kama aikinka, sauran ka bar mani."

Kafin in gama shafar farko, mata sun fara zuwa leƙe. Ashe Hajiya ta aika gida-gida cewa mai fenti ya zo da kore, mai so ta yi magana. Ungozomar garin ta ce ɗakin da take karɓar masu ciki ya yi duhu. Wata ta ce ɗanta na dawowa daga ci-rani, tana son a shafa ɗakinsa. Matar Malam Buba ma ta zo, ta ce wannan karon ni zan auna, ba mijinta ba. Kwana uku na yi, ina kwana a zauren liman, na auna ɗakuna huɗu da hannuna na shafa su, kowace ta biya nata. Ranar Juma'a aka buɗe ɗakin ƙungiya, ko ɗigo bai rage a bokiti ba.

Da na koma na ba Alhaji labari duka. Ya ce, "Hajiya ta cece ka. Ba kowane gari ke da irinta ba."

Tun daga ranar, ku da kuke koyo yanzu kun sha jina: lamba ba awo ba ce sai an faɗi ƙafa ko metir, balle mu da ke bakin iyaka. In da hali, ku je ku ga bangon da idonku. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa wa mai aiki nan take, domin ya fi ku sanin garinsa da inda fentinku zai yi amfani.