Gwaggo Mai Rami, Wadda Ta Ƙi Ƙona Ganye

Kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofar lambun shaƙatawa, Gwaggo Mai Rami ta riga ta ci ɗamara, tsintsiya a dama, fartanya a hagu. Sauran masu shara tsintsiya ce kayan aikinsu, sai ashana a aljihu. Su tara ganye, su kyasta, hayaƙi ya turnuƙe masu motsa jiki, shi ke nan an tashi aiki. Ita kuwa in ta tara nata, sai ta ɗan ja da baya daga gindin bishiya ta haƙa rami, ta tura ganyen, ta yayyafa ruwa, ta rufe. Shekara ashirin da takwas tana haka a ɓangaren yamma, inda aka ajiye ta tun tana goyon autarta. Daga haƙan ramin nan sunan ya samo asali, kuma ba don yabo aka laƙaba mata shi ba.

"Gwaggo, yau kuma wa ya rasu?" in ji abokan aikinta in sun gan ta tana haƙa.

"Ganye ne, kuma ba a gayyace ku jana'izar ba."

In an matsa mata da tambaya, amsarta ɗaya ce: "Itace ya zubar da abincinsa, ni kuma in ƙone masa? Ai sai Allah ya tambaye ni."

Saura shekara biyu ta yi ritaya aka kawo sabon manaja, mutum mai son ya ga ƙasa fes kamar tsakar ɗaki. Da ya ga tudun ramukanta, ransa ya ɓaci. Ya kira ta ofis ya miƙa mata takardar gargaɗi: wata guda, ko ta riƙa ƙonawa kamar kowa, ko a sallame ta. Sallama kuwa a wannan gaɓa tana nufin wahalar shekarun nan duka ta bi ruwa, ba fansho ba komai. Autarta har da hawaye. "Inna, don Allah ki ƙona. Ganye ne fa, ba mutum ba!"

Gwaggo ta tsorata, babu amfanin ɓoyewa. Ta sayi ashana ta ƙulle a bakin zane. Mako uku tana yawo da ita, kullum ta tsaya kan tarin ganye ta kwance ƙullin, sai hannu ya ƙi. Ta mayar, ta ɗauki fartanya.

A mako na huɗu wata malama ta zo daga jami'a da igiyar awo da ƙarfen haƙar ƙasa. Manajan ne da kansa ya gayyato ta, don yana so a sa lambunsa cikin masu tsabtace iskar gari. Ta yi wa ma'aikata bayani cewa bishiya tana zuƙe iskar kabon da motoci ke fesowa, ta mayar da ita gangar jiki da saiwa da ganye. Kaurin bishiya shi ke nuna yawan abin da ta adana. Ta fara da gabas, inda manaja ke alfahari da tsabta, ta rubuta. Sannan ta ratsa yamma. Bishiyoyin iri ɗaya ne, shekara ɗaya aka dasa su, amma na Gwaggo sai da aka kama mata igiyar kafin ta zagaye wasu. Ta soka ƙarfe, ƙasa ta fito baƙa wuluk, da laima, da tana. Inuwar ma sanyinta daban.

"Wa ke kula da nan?" ta tambaya.

Manaja ya ce, "Wata ce da muke shirin..." Sai ya haɗiye sauran.

Malamar ta kama hannun Gwaggo. "Mama, da kin ƙona ganyen nan, duk kabon ɗin sama zai koma nan take. Ke kin ajiye wani a ƙasa, kin ciyar da bishiyoyin sun kama wani."

"Ni ban san kabon ba, 'yata," in ji Gwaggo. "Na dai san yunwa."

Ke ce, Gwaggo, aka yi wa dariya shekara da shekaru ba ki fasa ba. Ke ce kika tsaya da tsoronki da ashanarki, kika zaɓi fartanya. Ya ke uwar bishiyoyi, tsofaffin da ke zagaya yamma da safe ba tare da tari ba, da masu jego da ke shimfiɗa a inuwarki, duk suna cin guminki, da yawansu ba su ma san fuskarki ba.

A ba manaja haƙƙinsa, ya san girman kuskure. Ya yaga takardar a gabanta, ya hana kyasta ashana a lambun baki ɗaya. Makon jiya Gwaggo ta yi ritaya da haƙƙinta cif. Mun gode, Gwaggo, Allah ya saka da alheri, ya ba da hutu mai albarka. Mu kuma da ke da ko bishiya ɗaya a ƙofar gida, mu ji kunya mu nemi fartanya.

A wajen bikin bankwanan da aka yi mata, manaja ya naɗe hannun riga ya ce shi zai haƙa ramin ranar a gaban ma'aikata. Ya sara sau uku ya ɗago yana haki. Gwaggo ta leƙa ramin, ta dube shi.

"Ranka ya daɗe, ƙara zurfi. Kuma matsa daga saiwa."