Turmin Dutsen da Ya Zaunar da Gwaggo Otilia

A gidanmu ni ake tambaya idan an manta shekarar da aka haifi wane, ko abin da ya raba wance da wance. Shi ya sa da aka ce a rubuta wani abu a kan Gwaggo Otilia, yayar babana, kowa ya juyo ya dube ni. Sai dai ban san ta inda ake kama mutumin da bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba.

Tun ina ƙarama ban taɓa ganin ta ci abinci a zaune ba. A tsaye take ci a bakin murhu, ƙafa ɗaya tana kaɗawa. Ta yi wanki da guga a wani otal a babban birni, ta gaji ta dawo. Ta sayar da tamale, wani irin alalen masara, a tashar mota, ta koma ɗinki, ta yi aure ta fito. Da aka tambaye ta laifin mijin, ta ce ba shi da laifi, kawai dai ba ya gama magana da wuri. Ko a coci kusa da ƙofa take tsayawa. Mahaifiyarta kuwa, Kaka Gudelia, idan ta zauna tsintar wake sai ka ce dasa ta aka yi. Su biyu suke zaune a gidan gado tun rasuwar kakanmu, kullum cikin mitar juna.

A ɗakin girkinsu akwai molkahete, baƙin turmin dutse mai ƙafa uku, wanda Kaka ta gada wajen uwar mijinta. Cikinsa ya lotsa don niƙa. Sabulu bai taɓa taɓa shi ba, ruwa zalla ake wanke shi da shi, kuma in ka sa hanci sai ka ji tafarnuwa da barkonon mutanen da suka daɗe a ƙasa. Kaka ba ta cin komai sai da miyar barkonon da aka niƙa a cikinsa.

A daminar da na gama sakandare, wata safiya ƙasa ta ɗan girgiza, irin wadda ba ta ko hana kaji kiwo. A ƙasa turmin yake zama, amma ranar Gwaggo ta ɗora shi a bakin kantar girki don ta yi shara, ta tafi shanya, daga can ta wuce makwabta. Ya faɗo ya rabe biyu. Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta ce a kai gutsattsarin gindin lemo a jingine, ta koma ɗaki.

Daga ranar ta fara ture kwano. Gwaggo ta yi mata miya a injin markaɗe, ta ce ƙarfe take ji. An aro turmin makwabta, ta ce wannan gidan kayan ƙamshin nan kumin ya yi musu yawa, ba za ta ci girkin wasu a gidanta ba. Likitan asibitin garinmu ya duba ta, ya ce bai ga ciwo ba, amma tsohuwa irin wannan in ta ci gaba da shan ruwan shayi kawai, ƙarfinta ba zai kai ta ƙarshen damina ba. Zoben hannunta ya fara zamewa. Gwaggo kuwa sai zirga-zirga take tsakanin ɗakin Kaka da murhu, tana dafa abin da ba a ci, tana zubar wa kare, tana sake ɗorawa.

Ranar kasuwa Gwaggo ta hau motar farko zuwa garin masu sassaƙa dutse, a gindin wani dutse mai aman wuta. Zaɓen turmi dai ta iya, wannan ba mai ƙwace mata. Ta wuce turamen da aka sassaƙa wa kan alade aka shafa musu fenti ba ta ko waiwaya ba. Ta wuce na siminti, waɗanda in ka karce su da makulli suke zubar da farin gari, in ka zuba ruwa su shanye, su tashi da warin sabon gini. Irin waɗannan ko ka shekara kana niƙa yashi za su yi ta ba ka. Ta tsaya wajen Don Evaristo, wani mai sassaƙa da suka yi firamare tare.

"Otilia, ke da dutse?" in ji shi. "Me ya yi miki? Shi fa ba ya gudu."

"Rufe min baki, tsoho, ka ba ni ruwa a kofi."

Ta yi ta juya turamensa tana kushe su. Wannan ramukansa sun yi faɗi, rabin miya a ciki za ta ƙare. Wancan ya yi sulɓi, ba zai kama fatar barkono ba. Daga ƙarshe ta sami wani mai nauyi, mai ƙananan ramuka, ta zuba ruwa ya tsaya, ta goga makulli bai zubar da gari ba, ta girgiza shi ƙafafunsa uku suka zauna daram. Don Evaristo ya haɗa mata da sabon ɗan dutsen niƙa, ya fara yi mata bayanin horar da shi. Kafin ya kai ƙarshen jimla ta saɓa buhu ta kama hanyar tasha.

Sabon turmi ba a girki da shi. Sai an yi ta niƙa ɗanyar shinkafa da busasshiyar masara a ciki, a zubar, a sake, har yashin dutsen ya gama fita, garin ya dawo fari. Aikin zama ne, kuma a nan Gwaggo ta gamu da gamonta. A tsaye take niƙa, ta bari ta leƙa Kaka, ta dawo ta ɗan murza, ta tuna ta bar wake a wuta. Garin yana fitowa kamar toka. Ta jiƙa turmin ya kwana a ruwa, toka. Ta ɗauke shi ta kai wurin masu wankin mota, ta sa suka fesa masa ruwan tiyo mai ƙarfi suna mata dariya, ta dawo ta niƙa, har yanzu da saura. A ɗaki kuma Kaka ta daina tashi zaune sai an tallafe ta.

Wata rana da hantsi Gwaggo ta kai garin bakin ƙofa, ta duba a haske, ta ce ai ya yi fari. Bai yi ba, ita ma ta sani. Ta gasa koren tumatur da barkono a kasko, ta niƙa da tafarnuwa da gishiri, ta naɗe a tortiya, wainar masara mai faɗi, da zafinta ta kai. Ƙamshin ya sa Kaka ta buɗe ido. Ta gutsura, ta tauna, sai muka ji ƙaras har daga bakin ƙofa. Ta tofar a tafin hannu, ta daɗe tana kallon baƙin yashin.

"Haƙoran da suka rage min kike so?"

"Mama, na niƙa har hannuna ya kumbura."

"Da me kika niƙa?"

Gwaggo ta kawo sabon ɗan dutsen. Kaka ta shafa shi da yatsa, yatsan ya fito da toka. Ta ce sabo a kan sabo, wannan yana zubar da nasa, wancan yana zubar da nasa, yaushe za a gama? Ta tambayi inda tsohon ɗan dutsen niƙanta yake. Shi bai fashe ba ranar girgizar. Gwaggo ta mai da shi abin tokare ƙofar tsakar gida, mun yi ta tsallake shi ba wanda ya kula.

Kaka ta ce a saukar da ita ƙasa. Babana ya so ya hana, ta harare shi. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar lemo, aka jingine ta da matashi, ta sa aka ajiye turmin tsakanin ƙafafunta. Ta riƙe bakinsa da hannu biyu, don ƙarfin da take da shi ke nan, ta ce wa Gwaggo ta zauna. Gwaggo ta durƙusa. Kaka ta ce ba durƙuso ta ce ba.

Haka Gwaggo Otilia ta zauna a ƙasa, tsohon ɗan dutse a hannunta. Duk sanda ta yunƙura za ta duba wuta, Kaka ta ce wuta ba ta kira ta ba. Ta nuna mata yadda za ta bi gefe har zuwa baki, ba tsakiya kaɗai ba. Idan shinkafa ta zama gari, Kaka ta lakata ta sa a harshe, ta murza da haƙori, ta ce a zubar. Wunin farko tofarwa take yi. Ranakun da suka biyo baya na lura ta daina tofarwa, har tana ƙara lakata tana cewa ba ta ji da kyau ba. Ta nemi ruwa, ta nemi kunun masara don ta wanke baki, ta shanye. Ƙafar Gwaggo tana ta kaɗawa a kan tabarma, amma ba ta tashi ba.

Ranar da garin ya fito fari tas, aka niƙa tafarnuwa da gishiri da barkono aka shafe cikin turmin, aka bar shi ya sha, aka ɗauraye. Gwaggo ta sake gasa koren tumatur, ta yi miya a zaune. Kaka ta yagi tortiya ta dangwala a turmin kai tsaye, ta tauna a hankali. Ba mu ji ƙaras ba.

"Ya yi, Mama?"

"Ba ya da ɗanɗanon kowa tukuna," in ji Kaka. "Sai jikokin wannan." Ta nuna ni da haɓa. "Miƙo wata tortiyar."

Ta ci har ta suɗe yatsu. Gwaggo ta miƙe, ƙafafunta sun yi tsami, ta ɗauki tata ta tafi bakin murhu ta ci a tsaye. Turmin kuwa tun daga ranar a ƙasa yake zama.